Tsirkiya Mai Santsi

Hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe goma, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke amma gari bai washe ba. Manyan motoci sun kwaɓa bakin titi da tayoyinsu, ga layinsu nan tun daga shingen kwastan har ya miƙe hanyar Magama. Ina zaune a rumfata ina shafa wa wani tsohon tub ɗin taya gam, sai na ji hon ɗin Bubakar. Ko ban ɗaga kai ba na san shi ne, don hon ɗin motarsa kamar akuya mai mura yake.

Sunana Ummaru. Faci nake yi a bakin boda, nan Jibiya. Ranar Asabar kuwa, in akwai biki, ni ke riƙe jitar bes a ƙungiyar Kabiru. Kabiru ke waƙa yana danna fiyano, Mujahid yana kan ganga, sai ni. Jitar bes ita ce mai dogon wuyan nan, mai tsirkiya huɗu masu kauri. Ba ta waƙa, gurnani take yi daga ƙasa. Bubakar ne ya bar min ita. Mutumin Maraɗi ne, ya yi kiɗa a wani orkes, wato ƙungiyar makaɗa, a can kafin iyali su yi yawa ya koma tuƙin babbar mota.

Abin da ya sa nake jiransa, biki biyu a jere mata suna tsayar da mu.

Mu a ƙauyukan nan ba ma shiga cikin gida. Ana shimfiɗa mana tabarma a jikin katanga daga waje, a ɗaga sifika a tsallaka da ita ciki da doguwar waya. Mu ba ma ganinsu, su ba sa ganinmu. Da tafi da guɗa muke sanin ko kiɗa ya karɓu. In bai yi musu ba, ba za su yi maka rashin kunya ba. Sai ka ji ana jan baho, ana zuba ruwa, sannan a leƙo a ce masu kiɗa su ɗan dakata. To, wannan dakatawar ba ta da dawowa. Sun kifa ƙwaryarsu a kan ruwa, za su yi kiɗansu da kansu, ku kuwa sai naɗe waya.

Bayan na biyun Kabiru ya zaunar da ni. Tare muka taso, bai iya ɓoye magana ba.

"Ummaru, bes ɗinka ce. Duk sanda ka ja hannu sai ta yi ƙiii kamar ƙyauren kwano. A sifika har haƙorana nake ji."

Gaskiya ya faɗa. Hannun mai faci ba hannun malami ba ne, yatsuna sun yi kanta. Tsirkiyoyin kuma tun na Bubakar ne, na dafa su a tukunya da omo har na daina ƙirgawa, don akan ce in an dafa su suna dawowa sababbi. Suna dawowa, na kwana biyu.

"Asabar ɗin Daddara ce ta ƙarshe," in ji shi. "In suka sake tsayar da mu, zan riƙa yin bes ɗin da hannun hagu a fiyano, yadda kowa ke yi yanzu. Ba don ba na sonka ba. Ka nemo sababbi, masu ƙara, irin waɗanda ake mari da babban yatsa a bidiyo."

Ban yi musu ba. Na aika wa Bubakar saƙon murya, don irin wannan kaya ba a samunsa a Jibiya.

Ga shi yau ya iso. Ya diro daga mota yana gyara rawaninsa, ya tsallake taɓo, ya zauna a bencina ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ƙanena, ina kwana? Duwan, kwastan ɗinmu na can, sun riƙe mu tun asuba, yanzu kuma ga naku. Maza ka duba, layi na iya motsawa."

Ya zaro fakiti biyu daga aljihun rigarsa. Ɗaya sabo fil, yana ƙyalli. Ɗayan kwalinsa ya koɗe, gefensa ya lanƙwashe.

"Wajen abokina na amso su, mai ba da hayar kayan kiɗa. Guda za ka ɗauka, guda in maida mishi. Wagga ita ce irin wadda Kabirunka ke so. Wagga kuwa tsohuwar ajiya ce, ba mai tambayarta."

Akwai rubutun boko a jikinsu, ban tsaya wahalar da kaina ba. Na wanke hannu da kananzir, na goge, na zaro mai kaurin daga sabon fakitin. Na ja yatsa a kanta. Kaushi, kamar ƙaramin zarto, ta yi min ƙiii ɗin nan tun ba a ɗaura ta ba. Na zaro ta tsohon fakitin. Yatsana ya zame a kanta kamar a bayan cokali. Ko motsin ƙara babu.

"Yaya, wannan fa?"

"Cikinsu ɗaya ne. Naɗin ne daban. Waccan da zagayayyar waya aka naɗe ta, shi ya sa take da tudu-tudu. Wagga da shimfiɗaɗɗen ƙarfe, awa ƙyalle. Ba ta ƙara, ba ta tara dauɗa, sai ka yi shekaru ba ka canza ba. Amma hwa ba ta da haske, kuma tana da tauri. Za ta ja wuyan jitarka, za ta ja hannunka."

Ni ba na zaɓen abu ban ji muryarsa ba. Na rataya kan mai kaushin a ƙusar da ke jikin ginshiƙin rumfa, na naɗe ɗaya bakin da tsumma na kama da filaya, na tura wata jarka marar komai a ƙarƙashinta, kamar yadda ƙoƙon gurmi yake.

"Kada ka lanƙwasa min kayan mutane!"

"Ba zan lanƙwasa ba."

Na ja da ƙarfi, na tsinka da babban yatsa. Ta ce darrrn, da dogon wutsiya, da ɗan ƙarar ƙarfe a samanta. Mai daɗi ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Na cire ta, na sa mai santsin. Na tsinka. Ta ce dum. Ta tsaya. Na ƙara. Dum.

Inna Hajjo, mai sayar da shinkafa da wake a rumfar da ke jikin tawa, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Wa ya kihwa ƙwarya a ruwa da hantsin nan?"

Bubakar ya kwashe da dariya. "Hajiya, ɗanki ne ke gwajin tsirkiya."

"Wagga wayar? Ƙara in ji, ɗan nan."

Na ƙara mata. Ta karkata kai, ta ɗan girgiza kafaɗa sau ɗaya, sannan ta tuna da shekarunta ta daina.

"Inna," na ce, "ke kina zuwa bukukuwan nan. Me ya sa kuke tsayar da mu?"

"Au, ku ne na Magama ran nan? Allah sarki. Ai mun ji tausayinku." Ta goge ludayin a gefen zaninta. "Kiɗanku duk a kunne yake tsayawa. Ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa, ba ya sauka ƙugu. Mace ta sha ɗawainiya tun asuba, ta hura wuta, ta tuƙa tuwon mutum ɗari, ka ce ta taka da kunne?"

Ta koma wajen tukunyarta. Ni kuwa na naɗe mai kaushin a hankali yadda na same ta, na mayar cikin fakitinta, na miƙa wa Bubakar.

"Ka tabbata? Kabiru zai yi ma tsiya."

"Zai yi."

"To saurara." Ya riƙe min hannu, don an fara tada motoci a gaba. "Bakin da aka naɗe da zare, shi kaɗai za shi hau kan ƙusar da ake murɗawa a ɗaure ta. In ƙarhen ya hau, sai ta warware, ta mutu ke nan. In wuyan ya gantsare, akwai ƙarhe a cikinshi, ka juya kaɗan da alanki, ka bar shi ya kwana. Kaɗan na ce, ba irin ɗaurin tayarku ba."

Yaron motarsa bai zo ba ranar, shi ya cire dutsen da ya tare taya da kansa, ya hau, ya yi min hon ɗin akuyarsa, ya bi layi.

Da la'asar na ɗaura su a gida. Yadda ya faɗa haka aka yi. Wuyan ya ɗan gantsare, tsirkiyoyin suka yi sama, sai na matsa da ƙarfi kafin su taɓa ƙarfen wuya. Na aro alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na murɗa noti, wajen Mahmudu makanike, na juya kaɗan, na jingine ta. Washegari na ƙara kaɗan. Ta sauko ta kwanta. Na zauna a zaure ina taɓa ta ba tare da na sa wuta ba, na ɗora haɓata a kan katakon, ina jin ta a cikin ƙashin kaina. Na ja hannu daga sama har ƙasa, shiru. Tun da na fara riƙe jita ban taɓa jin hannuna ya yi tafiya ba a ji takunsa ba.

Ranar Alhamis muka haɗu gwaji a shagon Kabiru, inda yake cajin waya da tura waƙoƙi. Shi yana da wata ɗabi'a: duk abin da muka buga sai ya ɗauka a wayarsa, sannan ya kunna ya kara a kunne. Abin da wayar ta ce, shi ne hukunci. Muka buga waƙa ɗaya. Ya kunna. Ga fiyano, ga muryarsa, ga gangar Mujahid. Ya juya wayar, ya girgiza ta, ya sake kunnawa.

"Ina bes?"

"Tana nan."

"Ina? Mujahid, kai ka ji ta?"

Mujahid ya ce, "A wayar dai ban ji ba. Amma ɗazu kwalaben lemon nan suna ta rawa a kan kanta."

"Kwalabe ne za su yi mana liƙi?" Kabiru ya zo ya shafa tsirkiyar, ya janye hannu kamar ya taɓa maciji. "Mene ne wannan? Na ce ka nemo mai ƙara, ka je ka ɗauko mana bebiya!"

"Ƙiii ɗin dai ya tafi."

"Ya tafi, ya tafi da kai gaba ɗaya! Mare ta in ji."

Na mare ta da babban yatsa yadda yake so. Ta ce fat, kamar an jefa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa. Mujahid ya faɗi a kan buhun gawayi yana dariya. Ni ma na yi, don abin da ban dariya.

"Kabiru," na ce, "matan nan ba a waya za su ji mu ba. Ta cikin katanga za su ji, da ƙasan da suke tsaye a kai."

"Ka zama malamin katanga yanzu."

"A'a. Ka dai bar ni zuwa Asabar, ai kai ka ba ni ita."

Ya dube ni. "Wallahi natsuwarka ce ke ba ni haushi. Mutum ana maganar korarsa yana murmushi." Ya ja tsaki, ya koma bayan fiyano. "Mu sake daga farko."

Asabar bayan azahar Mahmudu ya kwashe mu da kayanmu a a-kori-kurarsa zuwa Daddara. Gero ya kai ƙugu a gonaki, ko'ina kore shar. Gidan bikin na ƙasa ne, katangarsa doguwa, an yi mata sabon yaɓe. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar wata bedi, aka tada janareta can nesa, aka tsallaka da sifika ciki. Muna jin hayaniyarsu, da ƙarar kwanuka, da kukan jarirai.

Waƙar farko ta wuce lafiya. An yi tafi, ba mai yawa ba. A ta biyu sai na ji babbar tsirkiyar ta saki, sabuwa ce, ba ta gama miƙewa ba. Na ɗora haɓa a katako na ɗaure ta muna cikin tafiya. Kabiru ya harare ni. Muka shiga ta uku, mai saurin nan da yake ji da ita. Tafin ya ragu. Hirarsu ta fi kiɗanmu ƙarfi.

Sai na ji shi. Ƙurrr, ana jan baho a ƙasa. Sannan ruwa, bokiti ɗaya, bokiti biyu.

Mujahid ya sassauta hannu. Kabiru bai daina waƙa ba, amma ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba. Da fushi ne da ya fi min sauƙi.

Ba su jira an leƙo an sallame mu ba. Wata a ciki ta ɗora sanda a kan ƙwarya. Dum. Dum-dum. Dum. Nata ya fi namu jinkiri, kuma yana ɗan ɗingishi, yana jan ƙafa ɗaya kafin ya sauke. Kiɗa biyu suka haɗu a kan katanga suna ture juna.

Na saki abin da muka koya ranar Alhamis. Na kwantar da gefen tafina a kan tsirkiyoyin, na jira ta. Da sandarta ta sauka, na sauka tare da ita. Dum. Ta sake, na sake. A na uku ban iya rarrabe nata da nawa ba, sai dai abin ya ƙara faɗi, kamar an sauya mata baho da babbar kwatarniya. Da tsofaffin tsirkiyoyina ne da wutsiyarsu ta hau kan bugunta na gaba ta ɓata shi. Wannan kuwa tana faɗin kalmarta ɗaya ta yi shiru, ta bar mata fili.

Mai ƙwaryar ta ji ni. Na san ta ji, don ta tsaya cak, bugu ɗaya, ta ga ko zan faɗa rami. Na tsaya. Ta ninka, na ninka. Ta yi wani juyi da ban taɓa ji ba, na bi ta na zame, na sauka inda ba kowa. Dariya ta tashi a cikin gida, ta mata da yawa. Ta sake kawo juyin, a hankali wannan karon, kamar mai nuna wa baƙo hanya. Na kama shi.

Sai guɗa. Doguwa, har ta rufe ƙarar janareta. Bayanta kuma wani sauti da ban taɓa ji a bikinmu ba, ƙafafu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da yawa, suna sauka tare. Ina jingine da katangar, ina jin ta a bayana.

Kabiru ya ɗage hannuwansa daga fiyano. Ya tsaya yana saurare, bakinsa a buɗe kaɗan. Shi fa mawaƙi ne na gaske, in ya ji ƙasa mai kyau ya san yadda zai taka. Ya ɗauki makirfo, ya bar waƙar da ya shirya, ya shiga kiran sunan uwar amarya da na kakanninta a kan wannan ɗingishin, yana taɓa fiyanon da yatsa biyu kawai. Mujahid ya ajiye sanda ɗaya, ya koma bin mu da gefen ganga.

Muna cikin haka wata dattijuwa ta leƙo daga zaure, lulluɓe da mayafi, goro a kumatunta. Kabiru ya juyo yana kallonta, yana zaton ta zo dakatar da mu ne.

"Wane ne mai abin nan da ke gurnani?"

Mujahid ya nuna ni da haɓa.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne? Ɗan tsurut da kai. To, mai ƙwaryar ta ce in gaya ma kana da kunne, amma kana ɗan gaggawa wajen juyi. Ka jira ta."

"To, Inna."

"Kuma kada ku tsaya."

Ba mu tsaya ba sai da aka kira la'asar. Muka yi salla, muka koma. Damtsena ya yi tsami, don tsirkiyar nan da gaske tana da tauri, amma kan yatsuna ko zafi babu. Mai ƙwaryar ta canza kiɗa ya fi sau nawa, wani na sani, wani a nan na koya. Har muka tashi ban ga fuskarta ba, ban kuma tambayi sunanta ba. Da rana ta yi ja muka naɗe waya, don ba a bari magariba ta riski mutum a wannan hanyar.

Muna loda kaya aka fito mana da babban kwano, waina ce da miyar taushe, an rufe da faifai. Muka hau bayan mota. Hanyar duk ruwa ya cinye ta, motar tana tsalle. Jitata ba ta da jaka, sai na tsayar da ita tsakanin gwiwoyina na rungume wuyanta da hannu biyu don kada ta bugu da ƙarfen mota. Mujahid ya buɗe kwano ya fara aiki.

Kabiru ya ciro wayarsa, ashe ya ɗauka. Ya kara a kunne, ya saurara, ya girgiza kai.

"Har yanzu ba ka ciki. Ƙwarya ce kawai da guɗa."

"Eh."

"Abin haushi." Ya mayar da wayar aljihu. "Asabar ta sama Mazanya ne. Ka ɗaure bebiyar taka tun a gida, kada ta sake saki muna tsakiyar waƙa."

"Za ta zauna kafin nan."

Ya kai hannu kwano, ya ɗauki waina ɗaya, sai ya lura Mujahid ya kusa kai rabi, ni kuwa ko ɗaya ban taɓa ba. Ya mayar da wainar. Ya goge yatsunsa a wandonsa sosai, gaba da baya, ya zare jitar daga hannuna, ya kwantar da ita a cinyarsa, ya tare wuyanta da damtsensa. Sannan ya tura min kwanon da ƙafa.

Na naɗe hannun riga, na ce bismilla.